Max Theiler: Likitan da ya nemo rigakafin shawara a cikin ƙwaƙwalwar ɓera

Duk ma'aikacin da ya taɓa rakiyar maigidansa zuwa taro a Akra ko Nairobi, ko ya yi shirin sauke farali, ya san ɗan katin nan mai ruwan ɗorawa da ake cusawa cikin fasfo. Shaida ce ta cewa an yi wa mai shi allurar rigakafin zazzaɓin shawara. Galibi ba a tunawa da katin sai tafiya ta matso, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai masu neman katin ba tare da sun miƙa dantse an soka musu allurar ba. Ruwan da ke cikin allurar nan yana da tarihi mai tsawo da ya ci rayukan masana, kuma a tsakiyar tarihin akwai wani mutum mai sanyin hali, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya shafe ƙuruciyar aikinsa yana soka siririyar allura a kawunan fararen ɓeraye. Sunansa Max Theiler.

An haife shi ranar 30 ga Janairu, 1899 a birnin Firitoriya, shi ne auta a cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa, Arnold Theiler, likitan dabbobi ne da ya taso daga Suwizalan ya zauna a Afirka ta Kudu, ya rasa hannunsa na hagu a wani injin yankan ciyawa tun yana sabon zuwa, amma hakan bai hana shi zama babban masanin cututtukan dabbobi na ƙasar ba. Shi ya kafa cibiyar binciken Onderstepoort, kuma ƙwayar cutar shanun nan da kaska ke yaɗawa, Theileria, sunansa ta ci. A irin wannan gida Max ya tashi, inda hirar cin abinci ba ta wuce annobar shanu da ciwon dawaki. Yayarsa Gertrud ma ta zama ƙwararriya kan kaska.

Ya yi karatun share fagen likitanci a Kwalejin Rhodes da Jami'ar Kef Tawun, sannan a 1919 ya wuce Landan, inda ya yi horo a asibitin St Thomas da makarantar koyon cututtukan ƙasashe masu zafi. A 1922 ya samu lasisin aikin likita da difloma. Digirin jami'a kuwa, irin wanda ake liƙawa a bango a yi taƙama da shi, bai taɓa mallaka ba ta hanyar zama jarrabawa. Ga mu da muka saba auna mutum da yawan takardun da ke cikin fayil ɗinsa, wannan abin lura ne. A shekarar ce kuma ya samu gurbin mataimaki a sashen cututtukan ƙasashe masu zafi na Jami'ar Harvard da ke Amurka, ƙarƙashin Andrew Sellards. Ya fara da atuni da zazzaɓin cizon ɓera kafin shawara ta ja hankalinsa.

A lokacin an riga an san cewa sauro ne ke yaɗa shawara. Likitan Kyuba Carlos Finlay ya faɗi haka tun 1881, kuma tawagar Walter Reed ta tabbatar a Habana a 1900. Abin da ya rage a cikin duhu shi ne ainihin ƙwayar da sauron ke ɗauka. Shahararren masanin nan ɗan Japan, Hideyo Noguchi, ya shelanta cewa ya gano ta, wai wata bakteriya ce mai siffar murɗaɗɗen zare, har ya haɗa rigakafi da ita aka yi ta rabawa. A 1926 Theiler da Sellards suka nuna cewa bakteriyar Noguchi ta wata cuta ce dabam da ita ma ke sa idanu su yi ɗorawa, wadda ake ɗauka daga fitsarin ɓera. Saurayi ɗan shekara 27 ya ƙaryata ɗaya daga cikin manyan masanan zamaninsa, kuma gaskiya tana tare da shi.

Amsar ta fito ne daga Afirka ta Yamma. Gidauniyar Rockefeller ta kafa hukumar binciken shawara a Yaba, Legas, a 1925, a harabar da Cibiyar Binciken Lafiya ta Nijeriya take a yau. A watan Yunin 1927 wani likitan hukumar, Alexander Mahaffy, ya ɗebi jinin wani mutum ɗan shekara 28 da ke fama da zazzaɓi a ƙauyen Kpeve na ƙasar da ake kira Gana yanzu. Sunan mutumin Asibi, sunan da ba zai yi wa kunnen Bahaushe baƙunta ba tunda mu ma muna kiran haihuwar Asabar da shi. Aka yi wa wani biri da aka kawo daga Indiya allurar jinin, birin ya kamu ya mutu. Adrian Stokes da Johannes Bauer da Paul Hudson suka ci gaba da gwajin, suka tabbatar cewa abin da ke kawo cutar yana ratsa matatar da ke tare bakteriya, wato bairos ne. Asibi ya warke. Stokes kuwa ya kamu a ɗakin gwaji, ya mutu a Legas a watan Satumban shekarar. Noguchi ya zo da kansa don ya kare ra'ayinsa, shawarar ta kashe shi a Akra a watan Mayun 1928, kuma bayan 'yan kwanaki ta bi da William Young, likitan da ya binciki gawarsa.

Allura a kan ɓera

Samun biri a matsayin dabbar gwaji ci gaba ne, sai dai biri yana da tsada, yana da faɗa, kuma jininsa idan ya kamu yana cike da ƙwayar cuta, abin da ya sa masu aiki da shi ke ta kamuwa. Sashen da Theiler yake ba shi da kuɗin sayen birai da yawa. Abin da yake da shi shi ne wani nau'in bairos ɗin da Sellards ya kawo daga Dakar a 1928 cikin daskararriyar hantar biri, wanda aka riƙa kira nau'in Faransa, sai kuma ɓeraye masu arha.

Masana da dama sun riga sun gwada sa wa ɓera shawara, ta ƙarƙashin fata ko ta cikin ciki, ba ta kama ba, har aka yanke cewa ɓera ba ya ɗaukarta. Theiler ya tuna yadda Louis Pasteur ya yi da ciwon haukan kare, wanda ya riƙa sa wa zomaye kai tsaye a cikin kai. Sai ya niƙa hantar biri mai cutar, ya soka ɗigo kaɗan a cikin ƙwaƙwalwar ɓeraye. Bayan kwanaki suka fara rawar jiki, ƙafafunsu suka shanye, suka mutu. Da ya buɗe su, hanta lafiya lau, ƙoda lafiya lau, ba alamar ɓarnar da shawara ke yi wa mutum da biri. Ƙwaƙwalwar ce kaɗai ta kumbura. Cutar da duniya ta sani da cin hanta ta koma cutar ƙwaƙwalwa saboda kawai an sauya ƙofar da ta shiga.

Ana cikin wannan aiki, a 1929, shi ma ya kamu. Allah ya sa ta zo masa da sauƙi, ya tashi da kariyar da za ta zauna masa har ƙarshen rayuwa.

Ya ci gaba da ɗaukar ƙwayar daga ƙwaƙwalwar ɓera zuwa ta wani, sau goma, sau ashirin, har abin ya wuce haka nesa, kuma ya lura da abubuwa biyu da ke tafiya tare. Kullum ƙwayar tana ƙara saurin kashe ɓera, domin tana ƙara sabawa da ƙwaƙwalwa. A lokaci guda kuma tana rasa ƙarfin cin hantar biri. Birin da aka yi wa allurarta a ƙarƙashin fata yakan yi ɗan zazzaɓi ya tashi, kuma idan daga baya aka sa masa muguwar ƙwayar ta asali ba ta yi masa komai. Ya buga sakamakon a 1930. Wasu suka yi shakka, suka ce watakila wata ƙwayar ɓeraye ce dabam ta shiga gwajin. Theiler ya amsa da hanya mai sauƙi: ya gauraya ƙwayar da ruwan jinin wanda ya taɓa warkewa daga shawara kafin ya soka wa ɓeraye, sai suka rayu, waɗanda aka sa wa ƙwayar da ruwan jinin wanda bai taɓa yi ba kuma suka mutu.

Wannan gwaji ya wuce rufe bakin masu shakka. Ya nuna cewa sinadaran kariya da jiki ke ƙerawa bayan ya yi karo da cuta suna iya ɗaure ƙwayar tun kafin ta kama ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ko da a tsakiyar ƙwaƙwalwar aka zuba ta. Ya kuma bai wa duniya ma'auni. Daga ranar, ɗan jini kaɗan da ɓeraye shida ko makamancin haka sun isa a gane ko mutum ya taɓa yin shawara a rayuwarsa, ko da shi kansa bai sani ba.

A 1930 Wilbur Sawyer, shugaban ɗakin binciken shawara na Gidauniyar Rockefeller a Niyok, ya ɗauke shi aiki, kuma a nan zai zauna shekara 34. Sawyer da Wray Lloyd suka yi wa gwajin kwaskwarima ta wata hanya da ke da ban sha'awa. Babban ɓera idan aka sa masa ƙwayar a cikin ciki ba ya kamuwa, domin akwai wani shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wanda ke tace abin da zai shiga, kuma kafin ƙwayar ta samu kafa garkuwar jiki ta share ta daga jini. Sai suka riƙa soka ɗan ruwan sitaci a ƙwaƙwalwar ɓeran don su yi wa shingen rauni. Nan take ƙwayar da ke yawo a jini take samun hanya ta shiga ta kashe shi, sai fa idan an haɗa masa da ruwan jini mai kariya. Jariran ɓeraye kuwa ba sa buƙatar sitaci. Ko ta ina aka sa musu ƙwayar tana isa kai. Wannan bambanci na babba da jariri zai dawo ya addabi masu rigakafi a jikin 'ya'yan mutane.

Da wannan ma'auni aka tattara jinin dubban mutane daga Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka da Kudancin Amurka a shekarun 1930. Taswirar da ta fito ta girgiza hukumomin mulkin mallaka. An ɗauka shawara cutar garuruwan bakin teku ce, sai ga alamarta a jinin manya da yara tun daga gaɓar Atlantika har cikin Sudan da Yuganda, a wuraren da ba likitan da ya taɓa rubuta ta. Annobar da ta ɓarke a tsaunukan Nuba na Sudan a 1940, wadda ta kama sama da mutum 15,000 ta kashe sama da 1,500, ta gaskata ɓerayen. A Barazil kuma, daga 1932, aka fara gano cewa cutar tana zagayawa a daji tsakanin birai da wasu sauraye na kan bishiya. Ma'anar wannan ita ce kashe sauron cikin gari ba zai taɓa kawar da ita ba. Dole sai rigakafi.

Rigakafi biyu

Ƙwayar da Theiler ya horar a ƙwaƙwalwar ɓera ita ce rigakafin da ke hannu, amma shi da kansa yana tsoronta. Abin da ya koyi son ƙwaƙwalwar ɓera, me zai hana shi son ta mutum? A Niyok aka zaɓi taka-tsantsan: daga 1931 aka riƙa yi wa ma'aikatan ɗakin gwaji allurar ƙwayar tare da ruwan jinin wanda ya warke, domin sinadaran kariyar su riƙe mata linzami har jiki ya ƙera nasa. Dabarar ta tsayar da mace-macen masu bincike, sai dai ba ta yiwuwa ga miliyoyin jama'a, don ba inda za a samo jinin da zai isa.

Faransawa suka bi ɗaya hanyar. Sellards, tsohon maigidan Theiler, ya haɗa kai da Jean Laigret a Cibiyar Pasteur ta Tunis, suka fara amfani da ƙwayar ita kaɗai. Daga baya a Dakar aka sauƙaƙa abin matuƙa: a busar da ƙwaƙwalwar ɓera mai ƙwayar, a niƙa, a dama da ruwan ƙaro, a haɗa da rigakafin agana, a yi 'yar tsaga a dantse a shafa. Ba ya buƙatar sirinji, kuma yana jure zafi. Daga 1941 aka wajabta shi a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa, har da Nijar, aka yi wa miliyoyin mutane wannan lamba. Adalci ya sa a faɗa cewa ya yi aiki: shawara ta kusa ɓacewa a ƙasashen Faransa a daidai lokacin da take ci gaba da ɓarkewa a maƙwabtansu na Ingila.

Amma tsoron Theiler bai tashi a banza ba. A cikin waɗanda aka yi wa lambar, wasu, akasari yara ƙanana, sukan kamu da kumburin ƙwaƙwalwa bayan mako biyu ko kusa da haka. An ga haka a yankin Inugu a farkon shekarun 1950 lokacin da aka yi amfani da rigakafin don tare wata annoba, yara suka mutu. An sake gani a Senegal a 1965, inda sama da mutum 200 suka kamu bayan wani gangamin rigakafi. Aka hana yi wa yara, sannan a farkon shekarun 1980 aka daina haɗa shi ɗungum. Hukuncin wannan rigakafi ba shi da sauƙi. Ya ceci rayukan da ba za su ƙidayu ba, ya kuma kashe yaran da watakila sauron ba zai taɓa cizonsu ba, kuma iyayensu talakawan mulkin mallaka ne da ba a nemi yardarsu ba.

Theiler ya koma neman ƙwayar da za ta rabu da son hanta ba tare da ta koyi son ƙwaƙwalwa ba. Shi da Lloyd da Nelda Ricci, daga baya da Hugh Smith, suka ɗauki ƙwayar jinin Asibi suka fara renonta a cikin kwalabe, a kan yankakken naman tayi. Sau 18 aka juya ta a naman tayin ɓera, sannan sau 58 a naman ɗan tsakon da bai fashe daga ƙwai ba. Daga nan suka yi abin da ya zama mabuɗin aikin: kafin su yanka ɗan tsakon sai su cire ƙwaƙwalwa da lakar bayansa, don kada ƙwayar ta samu naman jijiya ta saba da shi. Aiki ne na haƙuri mai gundura, kwalba bayan kwalba, shekara bayan shekara, ana gwada kowane zubi a kan ɓeraye da birai.

A wani wuri tsakanin juyi na 89 da na 114 ƙwayar ta sauya. Ba ta cin hantar biri, kuma ko a ƙwaƙwalwa aka soka wa biri ita, yawanci yakan yi ɗan ciwo ya warke. Sauran layukan da ake reno a gefenta ba su yi wannan sauyi ba. Layin shi ne mai lamba 17D a littafin gwaji, sunan da ya bi shi har yau. Theiler da Smith suka buga sakamakon a 1937, kuma suna cikin mutanen farko da aka soka wa. Rabin ƙarni bayan haka, da aka iya karanta ƙwayoyin gadon bairos, an tarar cewa a cikin haruffa sama da 10,000 wurare 68 ne kawai 17D ta bambanta da uwarta ta jinin Asibi. Akwai sa'a a cikin lamarin, kuma Theiler bai taɓa ɓoye hakan ba, amma sa'ar ta samu mutumin da ya shirya mata kwalba ya kuma zauna yana jira.

Smith ya kai rigakafin Barazil a 1937, inda shi da Henrique Penna suka gwada shi a kan jama'a masu yawa. Tsakanin 1940 da 1947 Gidauniyar Rockefeller ta haɗa sama da allura miliyan 28. Hanyar ba ta rasa ƙaya ba. A 1941 wani reshe na 17D da aka ci gaba da juyawa a Barazil ya fara jawo kumburin ƙwaƙwalwa, alamar cewa ƙwaya mai rai tana iya komawa ga tsohon halinta. Daga nan aka kafa ƙa'idar ajiye iri guda a daskare, wanda daga gare shi ake ɗibar kowane zubi, kuma ba a amincewa da sabon iri sai an soka shi a ƙwaƙwalwar birai an ga bai yi ɓarna ba. Masu haɗa rigakafin wasu cututtuka ma sun ari wannan ƙa'ida. A 1942 kuma masifa ta auka wa sojojin Amurka. Ruwan jinin mutane da ake zubawa a cikin rigakafin don ya daɗe ya zo da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ba a san ta ba a lokacin. Hukuma ta sanar da sama da soja 28,000 da idanunsu suka yi ɗorawa, kuma binciken da aka yi shekaru da yawa daga baya ya kiyasta cewa kimanin 330,000 ne suka ɗauki ƙwayar. Aka cire ruwan jinin, matsalar ta tsaya.

Ko 17D ɗin ba ta rabu da ƙwaƙwalwa kwata-kwata ba. Har yanzu tana kashe ɓera idan aka soka masa a kai, kuma a shekarun 1950 an samu jarirai 'yan watanni da suka yi kumburin ƙwaƙwalwa bayan allurar. Dalilin ke nan ba a yi wa jaririn da bai kai wata shida ba, kuma a Nijeriya sai yaro ya cika wata tara ake yi masa, rana ɗaya da ta ƙyanda. Uwar da ma'aikaciyar asibiti ta ce ta dawo da ɗanta idan ya yi wata tara tana bin darasin da aka fara koya daga jariran ɓerayen Theiler.

Ɓeran da ya shanye

Akwai wani gefe na aikinsa da ba a cika ambata ba, alhali a wajen masu binciken ƙwaƙwalwa da shi aka fi sanin sunansa. A farkon shekarun 1930, a cikin dubban ɓerayen da ake kiwo don gwajin shawara, ya ga wani da ƙafafunsa na baya suka shanye, ba tare da an sa masa komai ba. Wani ma'aikacin zai jefar da shi ne ya ɗauko wani. Theiler ya niƙa ƙwaƙwalwarsa da lakarsa ya soka wa lafiyayyu, suka shanye su ma. Ya sanar da sabuwar ƙwayar a 1934, ya yi cikakken bayaninta a 1937, kuma ita ake kira bairos ɗin Theiler.

Shi da masanin Suwidin Sven Gard suka bi diddiginta, suka gano abin mamaki: ƙwayar tana zaune a hanjin ɓeraye masu yawa da ke yawo lafiya lau, suna fitar da ita a kashi, kuma ɗaya cikin dubbai ne kawai take tsallakawa zuwa lakarsa ta shanye shi. Theiler ya ga kamannin wannan da shan-inna, ya ƙarfafa ra'ayin cewa ita ma cutar hanji ce da kusan kowane yaro ke ɗauka, shanyewar kuma hatsari ne da ke samun 'yan kaɗan. Lokaci ya tabbatar da haka, kuma a kan wannan fahimta aka gina ɗigon rigakafin da ake bi gida-gida ana ɗiga wa yara a baki.

Abin da ƙwayar ta koyar game da garkuwar jiki ya fito sosai ne bayan rasuwarsa. Ita ƙwaƙwalwa wuri ne da faɗa ke da tsada. Tana cikin rufaffen ƙoƙo da ba ya buɗewa idan ta kumbura, kuma ƙwayoyin jijiyarta idan suka mutu ba kasafai ake samun madadinsu ba. A fata ko hanji garkuwar jiki tana iya kashe duk ƙwayar naman da cuta ta shiga, sabo ya tsiro. A ƙwaƙwalwa duk abin da ta kashe ya tafi ke nan. Bairos ɗin Theiler ya zama madubin da ake kallon wannan tsaka-mai-wuya a cikinsa, domin ƙwaya ɗaya tana ba da sakamako dabam-dabam gwargwadon garkuwar da ta tarar.

Nau'inta mai zafi, wanda Theiler da Gard suka ware, yana cinye ƙwayoyin jijiya ya kashe ɓera cikin kwanaki, kafin garkuwa ta gama shiri. Nau'i mai sanyi kuwa, irin wanda Joan Daniels ta ware a Harvard a 1952, labarinsa ya danganta da jinsin ɓeran. A 1975 Howard Lipton ya nuna cewa a wasu jinsuna, musamman wanda ake kira SJL, cutar tana zuwa hawa biyu. Da farko ƙwayar ta kama ƙwayoyin jijiya, ɓeran ya yi ciwo ya farfaɗo. Garkuwarsa ta rage ƙwayar amma ba ta ƙarasa ta ba, sai ragowar ta laɓe a cikin laka har ƙarshen rayuwarsa. Bayan wata ɗaya ko biyu sai ya fara tafiya da ƙyar, ƙafafu suna sanƙarewa. Idan aka duba lakar, za a tarar fararen ƙwayoyin jini sun yi dafifi a wurin, kuma rufin da ke naɗe da jijiyoyi, wanda yake kamar robar da ke jikin wayar lantarki, ya zazzage.

Wa ya zazzage shi, ƙwayar cutar ko masu yaƙi da ita? A 1976 Lipton da Mauro Dal Canto suka ba ɓerayen maganin da ke danne garkuwar jiki. Zazzagewar rufin ta ragu ƙwarai, abin da ya nuna cewa yawancin ɓarnar daga garkuwar take. Amma kuma ɓeraye da yawa suka mutu, domin ƙwayar ta samu sake. A 1997 tawagar Stephen Miller ta ƙara gano cewa idan faɗan ya daɗe, garkuwar da ta fara da farautar bairos takan koma kallon rufin jijiyar kansa a matsayin abokin gaba, ta ci gaba da kai masa hari. Wannan ya sa ɓeran Theiler ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin nazarin cutar nan ta mutane mai zazzage rufin jijiya, maltiful sikilerosis.

Baƙaƙen ɓerayen da ake kira C57BL/6 kuma garkuwarsu tana da kaifi. Fararen ƙwayoyin jininsu masu kisa suna share ƙwayar cikin makonni kaɗan, ba ta samun wurin laɓewa, rufin jijiyarsu ba ya zazzagewa. Sai dai masu bincike a Jami'ar Utah sun nuna a 2008 cewa kusan rabinsu suna yin jijjiga a makon farko, kuma da yawa daga cikin waɗannan suna zama masu farfaɗiya bayan ƙwayar ta daɗe da tafiya. An danganta hakan da sinadaran kumburi da rundunar farko ta garkuwa ke zubawa a sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe tunani. Likitan da ke tsaye a kan yaron da kumburin ƙwaƙwalwa ya kwantar, yana auna ko ya ba da maganin rage kumburi ko ya bar jiki ya yi faɗansa, da irin wannan tambaya yake kokawa.

A 1951 aka ba Theiler kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda aikinsa kan shawara, ya zama mutum na farko haifaffen Afirka da ya samu kyautar. Shi kaɗai aka ba, abin da bai yi wa wasu abokan aikinsa daɗi ba, tunda hannaye da yawa ne suka ɗauki jinkar. Sellards ya riga ya mutu tun 1942, Sawyer kuma ya rasu 'yan makonni bayan sanarwar. Waɗanda suka zauna da Theiler sun san shi da gudun taro da ƙin jayayya a bainar jama'a, mutum ne da ya fi sakewa a gaban kejin ɓeraye.

A shekarar ce ya zama daraktan ɗakunan binciken gidauniyar a Niyok, ya jagoranci wani shiri na farautar ƙwayoyin bairos da sauro da kaska ke yaɗawa, da tashoshi a Indiya da Tirinidad da Barazil da Kolombiya da wasu wurare. Ɗaya daga cikin tashoshin ita ce ɗakin binciken bairos da aka buɗe a Jami'ar Ibadan a 1964. Babban makamin shirin shi ne dai wanda ya fara da shi, wato allura a kan jaririn ɓera, kuma da shi aka gano ƙwayoyi masu yawa da ba a san da su ba. A 1964 ya koma Jami'ar Yale a matsayin farfesa, ya yi ritaya a 1967, ya ci gaba da rubuta wani babban littafi kan waɗannan ƙwayoyi tare da Wilbur Downs, wanda ya fito bayan mutuwarsa. Sankarar huhu ta kashe shi ranar 11 ga Agusta, 1972, yana da shekara 73. Ya bar matarsa Lillian, wadda ya aura a 1928, da 'ya ɗaya.

Shawara ba ta bar Nijeriya ba. Ta yi ɓarna a Filato a 1969, ta yi mafi muni a Binuwai da Oyo a 1986 da 1987, ta sake ɓullowa a Kwara a 2017, kuma a 2019 ta kashe mutane a yankin Alkaleri na Jihar Bauchi. Tun daga watan Yulin 2016 dokar lafiya ta duniya ta amince cewa allura ɗaya ta isa har abada, ba sai an sabunta katin bayan shekara goma ba. Duk rigakafin shawara da ake haɗawa yau, a Dakar ne ko Barazil ko Faransa ko Rasha, jikan 17D ne, ana kuma renonsa a cikin ƙwan kaza, kuma salsalarsa tana komawa ga jinin da aka ɗiba daga hannun Asibi a Kpeve a 1927.